Jaba ce ko ɓeran Lassa?

Alhaji Sabo Mai Hatsi, Kawo: Assalamu alaikum jama'a. Ga hoton abin da tarkona ya kama daren jiya a sito, bayan buhunan masara. Baki gare shi dogo mai tsini, idanu 'yan mitsi-mitsi, ga wani wari da ya cika siton. Yaron shagona ya ce wai shi ne ɓeran Lassa, tun safe ya ƙi taka ƙafarsa ciki. Don Allah wanda ya sani ya fitar da mu daga duhu.

Maman Hanifa, Rigasa: Wa alaikumus salam Alhaji. Wannan ai jaba ce, ko daga bakin ma an gane. Muna da su a bayan kicin, da dare za ka ji suna tsuwa suna bin gindin bango. Na taɓa ganin uwar tana tafe 'ya'yanta sun jeru a bayanta, kowa ya kama gindin wutsiyar na gabansa.

Injiniya Bashir, Barnawa: Jaba, ɓera, gafiya, duk kanwar ja ce. Alhaji ka sayi shinkafar ɓera ka barbaɗa a kowane lungu, wanda ya ci ya mutu. Ba a yi wa ɓarawo tambayar sunan kakansa.

Malama Zainab, Malali: Injiniya, a nan kam zan saɓa maka. Shekara goma sha ɗaya ina koyar da ilimin halittu a sakandare, kuma wannan ne kuskuren da nake fama da shi kowace shekara. Jaba ba ɓera ba ce, ba ma danginsu ɗaya ba. Abincinta ƙwari: kyankyaso, gyare, gara, tsutsa. Idan ka duba bakinta za ka ga haƙora ƙanana masu tsini a jere, na kama ƙwaro. Ba ita ke huda buhu ba. Alhaji, wanda ke cin masararka yana nan da ransa, wadda tarkon ya kama mai rage maka kyankyasai ce.

Abin da ya haɗa dangin ɓera haƙoran gaba ne: biyu a sama, biyu a ƙasa, waɗanda ba sa daina tsiro har dabbar ta mutu. Fuskar haƙorin ta waje ta fi ta ciki tauri, saboda haka yana gwaguya cikin na cinyewa, bakin haƙorin na wasa kansa kamar gizago. Ba su da fiƙa, akwai fili tsakanin haƙoran gaba da matauna. Shi ya sa ɓera ke cin wayar lantarki da sabulu da ƙafar kujera, ba don yunwa kaɗai ba.

Maman Hanifa: Ikon Allah. To Malama, bushiya fa? Da zomo?

Malama Zainab: Duka biyun ba sa ciki. Bushiya mai cin ƙwari ce, ta fi kusa da jaba. Amma beguwa, duk da ita ma ƙaya gare ta, cikakkiyar 'yar dangin ɓera ce. Zomo kuwa yana da wasu ƙananan haƙora biyu ɓoye a bayan manyan na sama, wannan ya sa masana suka ware masa gidansa daban. Kurege yana ciki, gyazbi yana ciki, gafiya tana ciki. A duniya an san fiye da iri 2,000, kusan kashi 40 cikin 100 na duk ire-iren dabbobi masu shayarwa. Wato cikin kowane iri biyar, biyu 'yan gwaguya ne. Kowace nahiya akwai su, in ban da Antatika mai ƙanƙara.

Baba Ɗanladi, Tudun Wada: 'Yata, kin ce gafiya ba ki ce burgu ba. Mu a garinmu burgu namiji ne, gafiya mace.

Yakubu, Sabon Tasha: Baba, mu kuma mun taso muna jin dabbobi biyu ne daban. Wanda na sani dai shi ne mai farin rabin wutsiya, mai cika kumatu da gyaɗa ya kai rami. Mun taɓa haƙa raminsa a Kachiya muka sami ƙwallayen giginya da marafan kwalba har da cokali.

Baba Ɗanladi: Shi ne burgu, ɓarawon ajiya. Da ma ana cewa gafiya tsira da na bakinki, saboda wannan jakar ta kumatu.

Injiniya Bashir: Duk wannan karatu ne mai daɗi, amma ni abin da na sani Lassa na kashe mutane kowane rani. Ina da lokacin buɗe bakin ɓera in ƙirga haƙora? Kuma ai addini ma ya ce a kashe shi.

Malam Auwal, Unguwar Sarki: Injiniya, gaskiya ne, hadisi ya inganta a Buhari da Muslim cewa dabbobi biyar ana kashe su ko a cikin Harami: hankaka, shirwa, kunama, ɓera da kare mai cizo. Akwai kuma umarnin kashe fitila kafin barci, domin ɓera kan ja lagwani ya ƙona gida. Da hadisin Nana Maimuna kan ɓeran da ya faɗa cikin man shanu, aka ce a ɗebe shi da abin da ke kewaye da shi a zubar.

Sai dai ka lura da wani abu. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik an kawo cewa Sayyidina Umar ya hukunta wa mai harami da ya kashe yarbu'u fansar 'yar akuya ƙarama. Yarbu'u wata 'yar dabba ce ta sahara mai dogayen ƙafafun baya, tana tsalle, kuma kowa ya gan ta zai ce ɓera ce. To ga biyu masu kama da juna: ɗaya mai harami ya kashe ba komai a kansa, ɗaya kuma sai ya yi fansa. Magabata ba su yi musu kuɗin goro ba.

Malama Zainab: Allah ya gafarta Malam, wannan ban taɓa sani ba, kuma zan kai wa ɗalibaina. Yarbu'u kam dangin ɓera ce a wurin masana halittu ma.

Sista Ladi, ma'aikaciyar jinya, Kakuri: Bari in shigo kan maganar Lassa, don ita ce ta tayar da hankalin yaron Alhaji, kuma yana da gaskiya da ya ji tsoro. An fara gane cutar a 1969 a garin Lassa da ke jihar Borno ta yanzu, bayan ta kama ma'aikatan jinya na mishan. Babban mai ɗauke da ita wani ɓera ne da masana ke kira Mastomys natalensis. Ƙarami ne, gashinsa laushi, launin toka-toka da ƙasa-ƙasa, cikinsa ya fi haske. Alamar da aka fi saninsa da ita yawan nonuwa: macen kan kai har guda 24, shi ya sa take zuba 'ya'ya goma ko fiye a haihuwa ɗaya. Shi ba ya ciwo da ƙwayar cutar, yana dai zubar da ita a fitsari da kashi.

Asalinsa ɓeran gona ne da bakin gari. Idan an girbe amfani, aka ƙone daji, abinci ya koma rumbu da sito, sai ya biyo shi gida. Shi ya sa cutar ke tashi daga wajen Disamba zuwa Afrilu. Kusan mutum 8 cikin 10 da suka kamu ba sa ma jin wani abin a zo a gani, amma sauran tana iya taɓa hanta da ƙoda, kuma ga mai ciki a watannin ƙarshe haɗarin babba ne ƙwarai. Cikin waɗanda suka warke, kusan ɗaya cikin huɗu kan sami matsalar ji. Alamun farko kamar maleriya ko taifot, a nan ake yin sake. Zazzaɓin da aka sha maganin maleriya bai sauka ba, ga ciwon maƙogwaro, a tafi asibiti, kada a tsaya kemis.

Injiniya Bashir: To Sista, ai kin ƙarfafa maganata. A zuba guba.

Sista Ladi: Ban ce kada a kashe ba, Injiniya. Na ce gubar kaɗai ba ta isa. A wasu ƙauyukan ƙasar Gini an gwada sa guba gida-gida, ɓerayen suka ragu sosai, bayan 'yan watanni na gona suka sake cike gurbin. Dabbar da cikinta mako uku ne da 'yan kwanaki, ba za ka ƙarar da ita da shinkafar ɓera ba muddin abinci na buɗe. Sannan ni na karɓi yaro ɗan shekara biyu da ya tsinci wannan shinkafar a bayan ƙofa ya sa a baki. Allah ya sa an kawo shi da wuri. Har yau idan na ga ana tallanta a baro cikin kasuwa, gabana faɗuwa yake.

Hajiya Binta, daga Kanada: Salam 'yan gida, ina biye da ku. Ni 'yar Unguwar Rimi ce, shekara shida ke nan muna zaune a Edmonton, lardin Albata. Abin da Injiniya ke so an yi shi a nan, amma ba yadda yake nufi ba. Tun 1950 hukuma ta sa ido kan babban ɓeran kwata, wanda Turawa ke jingina wa ƙasar Nowe. Akwai ma'aikata da ke bin gonaki da rumbuna a kan iyakar gabas, kuma doka ta hana ajiye shi ko don sha'awa. Har yau bai sami gindin zama ba. Amma kurege na nan cike da unguwarmu, ƙananan ɓerayen daji na nan, ga wata dabba da suke kira biba, mai faffaɗar wutsiya, tana sare itatuwa da haƙori ta datse rafi, har hotonta ke kan kwabonsu na senti biyar. Iri ɗaya tak suka sa a gaba, sun san sunansa, sun san hanyar da yake shigowa.

Malama Zainab: Hajiya kin kawo misali mai kyau. Kuma shi wannan ɓeran ba ɗan Nowe ba ne, asalinsa arewacin Sin ne. Baƙin ɓeran da ke gudu a silin ɗinmu da dare shi ma baƙo ne, daga yankin Indiya ya fito, jiragen ruwan fatake suka yaɗa shi duniya. Sunaye na ruɗarwa. Ɓeran Masar da yara ke kiwo a keji bai taɓa zama ɗan Masar ba: daga tsaunukan Kudancin Amurka ya fito, a Peru kiwonsa ake yi don nama tun dubban shekaru. A can ne kuma ake samun kafibara, mafi girma a dangin, mai zama bakin ruwa a Barazil da Benezuwela, nauyinta kan wuce kilo 50. Ka ƙiyasta ɓera mai girman tunkiya. A ɗaya gefen kuma akwai wani ɗan ɓeranmu na Afirka da nauyinsa bai fi na cokalin sukari biyu ba.

Abdul, ɗalibi a Jami'ar Jihar Kaduna (KASU): Anti Zainab, a ba ni dama in ƙara na gafiya, don shi ya fi burge ni. Akwai wata ƙungiya mai suna APOPO da ke garin Morogoro a Tanzaniya, a harabar Jami'ar Aikin Gona ta Sokoine. Suna horar da 'yar'uwar gafiyarmu ta gabashin Afirka ta shinshino nakiyar da aka binne a ƙasa lokacin yaƙi. Hancinta kaifi ne, kuma ba ta da nauyin da zai tayar da nakiya. In ta ji ƙanshin sai ta tsaya ta yi tono, a ba ta ayaba. Sun yi aiki a Mozambik, ƙasar da aka ayyana ta rabu da nakiyoyi a 2015, da Angola da Kambodiya. Wani burgu daga cikinsu mai suna Magawa ya gano nakiyoyi da bama-bamai sama da 100 a Kambodiya, wata ƙungiyar kula da dabbobi ta Ingila ta ba shi lambar zinariya a 2020, ya mutu a Janairun 2022. Kuma suna shinshina kakin marasa lafiya su gano tarin fuka da awon farko ya tsallake.

Baba Ɗanladi: Burgun da muke bi da sanda? Allah mai iko. Lallai ba a raina halitta.

Yakubu: Ni dai ku bar mini gyazbi. A kudancin Kaduna nama ne mai daraja, kuma ba mai cin ƙazanta ba ne, ciyawa yake ci da rake da karan masara. A Gana da Jamhuriyar Benin da kudancin ƙasar nan kiwonsa ake yi a keji kamar zomo. Ina da niyyar gwadawa a bayan gidana.

Malam Shehu, manomin rake, Maƙarfi: Yakubu, ka zo gonata ka kwashe su kyauta, har na mota zan ba ka. Gyauji muke ce masa. Dare ɗaya zai sare maka rake layi guda daga gindi, yankan kamar an sa wuƙa a karkace. Bara sai da na kwana uku a fadama da karnuka. Wanda yake ganinsa a tukunya da wanda yake ganinsa a gona ba za su taɓa yin magana ɗaya ba.

Yakubu: Gaskiya ne Malam Shehu, ban musa ba. Amma shi ya sa kiwon ya fi. Abin da ke ƙona mini rai yaran da ke cinna wa daji wuta da rani don kama ɓeraye. Bara wuta irin wannan ta cinye wa maƙwabcinmu tarin dawa da bai kai ga sussukawa ba.

Sista Ladi: Yakubu ka taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Yaran nan ba gyazbi kaɗai suke kamawa ba, duk abin da ya fito daga wuta bugewa suke, su feɗe da hannu, su babbake. Jinin da fitsarin da ke taɓa hannu a lokacin fiɗa, nan ne hanyar cutar, tun kafin naman ya ga wuta. Kuma ba Lassa kaɗai ba. A 2003 cutar ƙyandar biri ta ɓulla a Amurka ta hanyar dabbobin dangin ɓera da aka kai daga Gana don masu kiwon sha'awa, har da gafiya a cikin kayan. Saboda haka gafiyar da Abdul ya yaba, horarriya ce da likitocin dabbobi ke duba ta. Ta kwatar Kakuri ba abar wasa ba ce.

Abdul: Na karɓi gyara, Sista.

Injiniya Bashir: Yawwa. Ashe dai ko wadda kuke yabo tana da nata. Ni har yanzu ban ga abin da za mu rasa ba in babu su gaba ɗaya.

Malama Zainab: Za mu rasa da yawa, Injiniya. Cikin iri sama da 2,000 ɗin nan, waɗanda ke addabar mutum a gida da gona kaɗan ne. Sauran suna daji ba ruwansu da mu. Su ne abincin mujiya da shaho da maciji da muzurun daji. Masu binne 'ya'yan itace su manta, su ne masu shuka daji: a dajin Amazon akwai wata mai suna aguti, tana cikin 'yan dabbobin da ke iya fasa ƙoƙon gyaɗar Barazil, ta ci wasu ta binne wasu, daga nan bishiyar ke tsirowa. A Habasha da Kenya da Somaliya akwai wani ɓeran ƙarƙashin ƙasa marar gashi, suna zama da sarauniya ɗaya mai haihuwa kamar gara, yana rayuwa fiye da shekara 30, kuma da wuya sankara ta kama shi, likitoci na ta bincike a kansa. Magungunan da ke cikin durowarka ma, akasarinsu a jikin farin ɓeran ɗakin bincike aka fara gwada su.

Kuma guba ba ta tsayawa inda ka ajiye ta. Ɓera ya ci, ya fito yana layi, mage ta ɗauka ko mujiya ta sure. Ka kashe ɓera ɗaya tare da mai kama maka ɗaruruwa. A gonakin kwakwar manja na Malesiya akwatuna ake kafa wa mujiya don ta zauna ta yi musu aiki. Mu kuwa da ta sauka kan rufi sai jifa, wai mugun tsuntsu.

Maman Hanifa: Malama, maganar mujiya kam sai a hankali, ni kaina in ta yi kuka ba na iya barci. Amma ta mage gaskiya ce. Tamu ta mutu bayan maƙwabta sun sa magani, wata biyu ba a yi ba ɓeraye suka cinye mini rabin buhun wake.

Malam Shehu: Kakanninmu ba su san sunan Lassa ba, amma dubi rumbun da: a kan duwatsu ake ɗora shi, a shafe shi sumul, a rufe bakinsa. Yanzu sai mu jibge buhu a ƙasa a jikin bango. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ku bi hanyar Saminaka ko ta Kachiya da kaka ku ga shanyar masara da rogo a bakin kwalta, wasu har kwana suke a waje.

Injiniya Bashir: Wannan na yarda. Zan iya cewa ma yawancin gidajen da nake dubawa, ramin da mai famfo ya fasa ya sa bututu ba a toshe shi, ƙasan ƙofa kuma yatsa biyu na shiga. Ƙaramin ɓera, inda biro ya shiga shi ma zai shiga. A cusa ragar ƙarfe a bi da siminti, a buga falange a ƙasan ƙofa. Amma fa ban janye ba: wanda ya riga ya shigo sito, kashe shi za a yi.

Sista Ladi: Ba wanda ya hana, da tarko. Kuma kada a ɗauka da hannu. A sa safar hannu ko a zura hannu cikin leda biyu, a zuba masa ruwan Hypo, a binne da zurfi. Kada a share kashin ɓera a bushe ƙura ta tashi, a jiƙa shi tukuna.

Alhaji Sabo Mai Hatsi: Jama'a na gode, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa yaron duka, ya shiga siton. Mun janye buhunan daga bango, sai ga rami a kusurwa da ɓawon masara tari guda, ga kashi ƙanana baƙaƙe. Jabar mun binne ta yadda Sista ta ce. Yau zan sake ɗana tarko uku da ƙuli-ƙuli, abin da ya kama gobe zan turo hoto Malama ta duba mana. Injiniya, ina son katakon ɗora buhu da duro mai murfi kamar guda shida na wake. A kasuwar Panteka zan samu?

Injiniya Bashir: Za ka samu Alhaji, amma ka tabbatar ba wanda aka zuba sinadari a ciki ba ne. Ina da aiki a Mando gobe, in na taso bayan la'asar zan biyo ta Kawo mu je tare, in ga ramin nan da idona.

Malama Zainab: Alhaji, in za a ɗauki hoton a juya shi da sanda a ɗauki cikinsa, a kuma miƙe wutsiyar kusa da jikin don in ga tsawonta.

Baba Ɗanladi: Yakubu, ka tambayo mini tsofaffin Kachiya maganar burgu da gafiya. Ni ma zan tambayi yayana a Soba ranar Juma'a.